Ƙwaryar Ƙanwata

Ƙanwata ta kai shekara bakwai ba ta tafiya, ba ta magana, idanunta ma haske kawai suke gani. Maƙwabta a ƙauyenmu na kusa da Karofane suka ce aikin iskoki ne, a ƙyale ta. Inna ta ƙi. Damina biyu ta yi tana kama hannun yarinyar tana buga shi a bayan wata 'yar ƙwarya, sannan ta ba ta ruwa, har ta gane: in ta ji ƙishi, sai ta ƙwanƙwasa. Iyakar maganarta a duniya ke nan.

Shekarar da fara ta cinye mana gero, Inna ta fita da sassafe tonon gidan tururuwa neman tsaba, ta bar ni da ita. Ƙawayena suka biyo mini mu je kamun fara, ni kuwa ba ni da mazubi. Na zare ƙwaryar daga ƙarƙashin hannunta. Sai azahar na dawo.

Na same ta a gindin rumbu, inuwa ta kauce, leɓɓanta sun bushe, tana ta bugun ƙasa, yatsunta duk sun saɓule. Ƙasa kuwa ba ta yin ƙara.

Inna ba ta doke ni ba. Da ma ta doke ni! Cewa kawai ta yi, "Ke, bakinta kika ɗauka kika tahi da shi."

Wata uku Inna ta yi tana kama hannun nan kafin ƙanwata ta sake yarda cewa in ta buga, wani zai zo.