Allura a Fatar Ido

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, yanar ido ta fara rufe wa kakata Ya Falmata gani. Asalinmu Borno, amma a unguwar Soron Ɗinki aka binne cibiyarmu, kuma da ɗinkin hula ta rene mu. Maza na zaure suna musun zaɓe, mu kuwa da an sauke tuwo sai mu kewaye murhu muna jiran tatsuniyarta.

Ni take fara tsokana. Wai ni ne mijinta, amma mijin banza, ba cefane sai cin ƙanzo. Sannan ta gyara murya: "Ga ta nan tafe, ku matsa ku ba ta wuri."

A watannin nan tatsuniya ɗaya ta riƙe, har muka fara ƙorafi. Wani yaro ne aljani ya sa wa barci, ba zai tashi ba sai an taɓa wani ɗigo a fatar idonsa da tsinin allura, ɗigon kuwa bai kai ƙwayar gero ba. In ba a taɓa sosai ba, ba zai ji ba, in an danna ya makance. Masu magani duk suka ja da baya. Sai yayarsa mai ɗinki ta kafa ɗan yatsanta a kuncinsa, ta jira har numfashinta ya daidaita da nasa, sannan ta sauke allurar. Yaro ya buɗe ido ya ce ina tuwo. Nan muke fashewa da dariya.

"Ba saukewar ce aiki ba," in ji ta, "saitin ne. Mai gaggawa ba ya riƙe allura."

Ashe da walakin. Baba ya so a dakata da aikin idonta, tunda ana cewa farar hula za su gyara asibitoci. Ita ta ce idonta ba zai jira gwamnati ba, ga hulunan mutane a hannunta. Ta sa aka kira mai cire yana da allura, irin masu bin unguwa-unguwa. Ya zo da hantsi yana sauri, wasu gidajen na jiran sa, ya yi mata aikin a idanu biyun. Ta ɗan ga haske, har ta ce ashe na fi yadda take zato muni. Daga nan idanun suka kumbura, gani ya tafi ke nan.

Yau ina aiki a wata masana'anta a Malesiya, inda ake gwada ƙwaƙwalwar waya tun ƙwayoyinta na jere a kan faifan silikon. Aikina saita allurai da suka fi gashi siranta, su sauka daidai kan ɗigon ƙarfen kowace ƙwaya. In ba su taɓa sosai ba, na'ura ta ce lafiyayya matacciya ce, in sun nutse sun kashe ta. Abokan aiki na yi mini tsiya wai na cika nawa, ina leƙa madubin ƙara girma ina sake leƙawa. Su yi ta yi.

Sai da na girma na gane ba mu take yi wa tatsuniyar ba. Tsoro take ji, tana lallashin kanta, tana fatan Allah ya haɗa ta da mai hannu irin na yarinyar. Wallahi har yau abin yana yi mini ciwo.

Bayan ta makance na taɓa roƙon ta ta yi mana ta mai allura. Ta laluba fuskata har yatsunta suka sami idona.

"Angona," ta ce, "wannan ta ƙare. Zaɓi wata."