Akantar da ta ƙi sa hannu

A kamfanin fentin da take aiki, ba mai kiran akantar da sunanta. Sai-da-Rasit ake ce mata, tun daga maigadi har manaja. Shekara goma sha bakwai ta yi a ɗan ofishin nan na gindin matakala, fanka na kaɗa takardu tana danne su da kofin shayi. Maigidanta, malamin firamare, yakan ce ko kuɗin cefane ya ba ta sai ta nemi shaida.

Tana haɗa lissafin ƙarshen shekara ne ta ci karo da abin. Duk wata kamfani na fitar da kuɗi masu kauri da sunan wurin ƙona dattin sinadari, tafiyar awa huɗu daga gari. Amma man da ake zuba wa motar da ke ɗaukar gangunan dattin ko rabin hanya ba zai kai ta ba.

Ta tare direban a bakin famfo yana wanke hannu.

"Malam direba, motarka da addu'a take tafiya ne?"

Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Hajiya, ni ɗan aike ne. Tsohon ramin yashi na bayan gari aka ce in riƙa kaiwa."

Ranar Asabar da safe maigidan ya goya ta a babur suka je. Ganguna ne jibge, wasu sun tsage, wani ruwa kore yana tsiyaya zuwa rafi. Can ƙasa kaɗan mata na wanki, wani dattijo yana ban ruwa a lambunsa. Warin wurin ya sa ta toshe hanci da mayafi.

Ba ta yi gaggawar kai maganar waje ba, don ta san sirrin ma'aikata amana ne. Manaja ta fara samu.

"Yallaɓai, ba zan sa hannu a lissafin nan ba. An rubuta an ƙona, ba a ƙona ba."

"Hajiya, aikinki lambobi ne. Ina ruwan biri da gada?"

"Ai lambobin ne suka kai ni ramin, yallaɓai."

Ta rubuta wa masu kamfanin takarda, ta jira sati uku. Amsar da ta samu ita ce an mayar da ita sito ƙirgar gwangwanaye. Ranar ta zauna da maigida a tsakar gida, suka duba kuɗin makarantar 'ya'yansu uku da hayar da ke tafe. Ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Maman yara, in kin yi shiru ma ba barci za ki bar ni in yi ba. Je ki."

Washegari ta je hukumar kula da muhalli, ta faɗi abin da ta gani, ta rubuta sunanta a ƙasan takardar ƙorafin, ta koma ta ajiye aiki.

Abin ya ja wata bakwai. Aka ci kamfanin tara, aka kwashe gangunan, aka haƙa wa unguwar da ke bakin rafin rijiyar burtsatse. Manajan ya tafi. An kuma rage ma'aikata goma, wasunsu har yau in sun hango ta a kasuwa sai su kau da kai. Wannan yana ci mata rai, ba ta kuma ɓoyewa.

Yanzu tana riƙe da littattafan wani kantin magani, albashin bai kai rabin na da ba. Kwanaki ƙanwarta ta tambaye ta, "Yaya, tsakani da Allah, ba ki yi nadama ba?"

"Na yi," in ji ta. "Shekara uku ina sa hannu a takardun nan ban tambayi kowa ba."