Goron da Na Mayar

Ba na son warin man zafi. Ko a motar haya ce daga Kawo, in wani ya shafo shi, sai na nemi taga. Kada ku ɗauka yanga ce. Warin nan ɗakin Innarmu yake kai ni, a gidanmu na Kurmin Mashi, tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke wuni yana tsiyaya daga kwano, bango ya jiƙe har ya yi gansakuka, ƙanena kuma yana birgima a tabarma yana ihu wai ana sara masa ƙashi.

Shi ke bi na. Yaro ne mai idanu rawaya-rawaya da siraran ƙafafu, ga surutu kamar aku in yana da lafiya. Amma da hadari ya haɗo, sai gidan ya yi tsit, kowa ya san abin da ke tafe. Kaka, mahaifiyar Baba, ta soya yashi a kasko, ta ƙulle a tsumma tana gasa masa gwiwa. Inna tana murza man zafi. Ni aikina riƙe ƙafafu. Har yau tafin hannuna bai manta yadda ƙafar yaro ke karkarwa ba.

Kakanmu shi ne limamin masallacin layinmu, sana'arsa ɗinkin hula. Shi ke yin rubutu a allo, ya wanke, a ɗura wa yaron. Wata rana da hantsi ya ba shi rubutun da hannunsa, ya tsaya yana kallonsa, sai ya warware rawaninsa ya goya shi da shi, ya jawo keke. Kaka ta tare ƙofa.

"Malam, liman guda a layin asibiti? Rubutun naka ne bai isa ba?"

"Ke dai matsa," in ji shi. "Wanda ya halicci tawada shi ya halicci allura."

An yi masa allurar, an kuma faɗa wa Kakanmu wata magana da Turanci wadda bai iya ɗauko ta zuwa gida ba. Yaron ya samu sauƙi. Damina ta zagayo, ta tafi da shi.

Bayansa aka haifi mace, ita ma ta bi shi. Nan Kaka ta yanke hukunci: wabi ne, ɗa guda ne yake tafiya yana dawowa don ya wahalar da Inna. Saboda haka da aka haifi na gaba, ina kallo aka naɗe shi a tsumma aka ajiye kan juji a bayan gida, don a nuna masa babu mai son sa, sannan Gwaggo ta je ta ɗauko shi kamar tsintuwa. Na tuna ƙudaje a kan jaririn, na tuna Inna ta juya fuska ga bango. Bai kai ga tafiya ba shi ma. Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, aurensu tuwona maina, abin alfaharin dangi. Babu wanda ya taɓa haɗa auren nan da mutuwar yaran. Inna dai ta daina dariya, har ta koma ga Allah ban sake jin ta ba.

Ni ban yi boko ina yarinya ba. Sai da furfura ta fara leƙo ni na shiga makarantar manya a Malali, ina zama kan bencin yara, gwiwata na dukan tebur, matan layi suna min dariya. A can wata ma'aikaciyar asibiti ta zo ta zana mana jini a allo. Ta ce sunan ciwon sikila. Uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi, su kansu lafiyarsu ƙalau, ɗan da ya haɗa biyun shi ke shan azaba. Ta lissafa alamun, ni kuwa ƙanena nake gani. Na fita bayan aji na yi amai. Ashe ba ɗa guda ba ne yake yi mana yawo da hankali. Kowanne ransa daban, kowanne mutuwarsa daban, har da wanda muka ɗora a juji.

Shi ya sa da autata ta kawo wanda take so, ɗan ƙanwar maigidana, yaro mai ladabi, mai gyaran wutar mota, na tasa su gaba zuwa gwajin jini. Su biyun duk suna ɗauke da rabin. Ni ma aka gwada ni, nata rabin daga jikina ta samu. Na ce auren nan ba zai yiwu ba.

Maigida direba ne a tashar Kawo. Ya ce, "Tun da kika iya riƙe biro kike neman shiga gaban Allah. Cuta da lafiya a hannun wa suke?"

Na ce, "A hannun Allah, Alhaji. To kai don me kake duba birki kafin ka ɗebi fasinja? Ajalin ba a hannunsa yake ba?"

Duk da haka bai sauko ba. Ƙanwarsa ta aiko min da saƙo wai boko ya cinye min imani. Ni da ba na wasa da salla! Maganar ta shige ni fiye da yadda na nuna. Na je wurin malamai, wani ya ce in hana, wani ya ce in yi tawakkali. Na kifa goshi a ƙasa na ce, ya Ubangiji, in abin da na koya saɓo ne, ka goge shi daga kaina. Na ɗago, yana nan daram.

Ranar da dangin yaron suka kawo goron sa rana, maza sun cika zaure. Na zura hijabi na shiga inda mace ba ta shiga, na gaishe su da girmansu, na ɗauki goron na fitar da shi ƙofar gida na ajiye. Na ce, "Ku yi haƙuri. Na ga ƙarshen irin wannan goron, ba zan tauna ba."

Ban ji zafin zagin dangi ba kamar maganar 'yata. Ta same ni a madafa, idonta a bushe.

"Umma, da an yi wa iyayenki gwajin nan, da ba a haife ki ba. Da ni ma babu."

"Na sani."

"To?"

Na iya karatu, amma wallahi ba a koya mana amsar wannan ba.

Zamani ya sauya, sai dai ban ce ya yi sauƙi ba. Mutanen da can sun binne 'ya'ya da zuciya ɗaya, don ba su sani ba, Allah kuma ba zai tambaye su abin da bai nuna musu ba. Mu an nuna mana. Ni ban ga inda ilimin nan ya yi faɗa da imanina ba, da mutanen gidana yake faɗa. 'Yata tana gaishe ni kamar baƙuwa. Maigida ya ce goron zai dawo, in sauko ko in tafi gidanmu, alhali ya san gidanmu babu kowa sai 'yan haya. Na haɗa kayana a buhu na jingine bayan ƙofa. Na ce masa ya zaɓi wanda zai zauna a gidan nan, ni ko goron.