Tarihin Dakta Zakir Mustapha da Jinin Watan Azumi

Haihuwa da Karatu

An haifi Zakir a garin Nguru a shekarar 1979, ɗan Malam Mustapha mai fataucin busasshen kifi da Hajiya Fanne. Ya yi firamare a Nguru da sakandare a Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya yi ajalin malamansa biyu. A 2003 ya kammala digiri a fannin kimiyyar sinadarai, a 2012 kuma ya sami digirin digirgir a ƙasar waje, kan dabarar riƙe ƙwayar halitta guda ɗaya da hasken leza, sannan a haska mata wani haske mai ɗumi da ido ba ya gani, domin a karanta sinadaran da ke cikinta.

Aure da Aiki

Ya auri Adawiyya, 'yar unguwar Katuzu a Gashuwa, a 2008. Da ya dawo gida daga ƙasar waje ya kama koyarwa, ba shi da wani buri illa gano alamar ciwon ƙoda a ƙwayar jini tun kafin ƙafa ta kumbura. A watan Mayun 2019 ya ɗebi jinin mutum tamanin a Gashuwa, rabi majinyata, rabi masu lafiya, ya sami bambanci bayyananne a tsakaninsu. Bisa wannan ma'auni ya shaida wa mutane da dama, har da yayansa Laminu, cewa ƙodarsu lafiya lau take.

Kuskure

A 2021 ciwon ya kwantar da Laminu. Da Dakta Zakir ya koma kan takardunsa, sai ya lura cewa an ɗebi jinin ne cikin Ramadan: masu lafiya suna azumi, majinyata kuwa shari'a ta ɗauke musu. Abin da na'urar awonsa ta gani alamar azumi ce kawai. Ya janye sakamakon a rubuce, ya bi gida gida yana neman afuwa, kuma tun daga lokacin bai sake samun natsuwa ba, domin mutum goma sha ɗaya daga cikin waɗanda ya kwantar wa da hankali bai gano inda suka koma ba.

Rasuwa

A 2023 ya sake ɗibar jini bayan Sallah, amma ciwon ya riske shi kafin ya kammala awon. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Mayun 2024, aka binne shi a Nguru bayan sallar La'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Nabila, Hizbullahi da Ismail, waɗanda jininsu yana cikin kwalaben jinin 2023 da har yau ba a auna ba.