Ranar da na so sallamar uwar adashe

Shekarun baya, ina koyar da lissafi a wata sakandare, ni da abokina muka ƙirƙiri manhajar adashe ta waya. Shi har ya ajiye aikinsa na sakatariya saboda ita. Ni da yake jarumtata a allo ta tsaya, ban ajiye nawa ba.

Muka shiga wata ƙungiya ta masu kamfanonin fasahar kuɗi, wadda ke haɗa sababbi irinmu da lauya da banki. Sharaɗinsu ɗaya: ka kawo mutanen da ke amfani da abinka. Mu kuwa bayan mu biyu sai matar abokina, ita ma don zaman lafiya.

Ranar gabatarwa na miƙe da muryar aji na ce manhajarmu ta kawo ƙarshen uwar adashe. Wata Hajiya cikin shugabannin ta cire tabarau ta ce, "Malam, ka taɓa zama da uwar adashe kuwa?"

Na ce, "Ita ta haife ni."

"To je ka gaya mata abin da ka gaya mana. Mun ba ku wata ɗaya."

Na tarar da mahaifiyata a gida, a unguwar Ƙofar Kwaya, tana tsince wake. Na yi mata bayani tiryan-tiryan: kowa da ranar kwasarsa, na'ura ta tsara, ba mai canzawa.

Ta ce, "Madalla, Malam. To in mijin wata ya kwanta asibiti, wanga abu naka zai je ya roƙi mai kwasar satin ta haƙura ta bar mata? Kuma ya yi shiru da bakinsa?"

Na ce, "Inna, ba mu sa wannan ba."

"To mi kuka sa?"

Sati uku muka yi muna gyara, muka ba uwar adashe damar musanya rana ba tare da an rubuta dalili ba. Inna da kanta ta kawo mana matan unguwa, ƙungiya ta karɓe mu, abokina bai koma neman aiki ba.

Har yau in na tuna nakan ji kunya mai daɗi. Na je korar mahaifiyata daga aiki, na dawo ma'aikacinta. In manhajar ta tsaya, kira take: "Malam, abinka ya sake yin gardama." Ni kuma in ce, "Ga ni nan, Inna."