Muntaka da Dutsen Hazbiya

A ƙauyenmu na Kafin Lawan, arewa da Dawanau, duk inda ka taka gonar wani ce, in ban da dutse. Dutsen Hazbiya muke kiransa, saboda tsuntsayen da ke kwana a ramukansa. Ba wani sanannen dutse ba ne, ko a Tofa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Amma idan ka hau kansa da safe bayan an yi ruwa, za ka hango Kano can kudu.

Gonar Muntaka ta gado a gindin dutsen take. Manomi ne na gero da wake, yana da 'yan awakinsa, ya haura hamsin. Abin da aka fi saninsa da shi ƙyanƙyami. Ko a masallaci sai ya karkaɗe tabarma kafin ya zauna, kuma ba ya cin abincin biki. Matarsa Fadima takan ce a gidansu ko kaza ta san inda ba a son ta tsaya.

Tun yana yaro yake hawa dutsen, kuma hanyoyinsa uku duk ya san su. Ta gabas ita ce hanyar Awaki, tana bi tsakanin manyan duwatsu, ko tsohuwa za ta iya idan ta bi a hankali. Ta arewa ana ce mata Tsaga, domin dutsen ne ya rabe gida biyu, mutum ya jingina baya da ɓangare ɗaya, ya tokare ƙafa da ɗayan, yana laluben wurin kamawa da hannu. Ta yamma kuwa Santsi ce, ba a hawanta da takalmi, ba a kuma gwada ta da damina. A can sama akwai wani kwarmi da ke tara ruwan sama, ƙarƙashin wani tsohon ɓaure. Ruwan yakan kai har bayan girbi, garau, mai sanyi. Duk tsaftar Muntaka da ƙyamarsa, da tafin hannu yake shan wannan ruwan.

Wata Asabar bayan an gama cire amfanin gona, wata bas ta tsaya a bakin gonarsa. Samari da 'yan mata ne daga birni, da jakunkuna a baya da takalman kambas. Shugabansu, wani saurayi mai ladabi da ake kira Jamil, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce su ƙungiya ce ta masu tattaki da hawan dutse, daga kan titi suka hango wannan, ko Baba zai nuna musu hanya.

Muntaka ya ajiye aikinsa ya shige gaba. Ya bi da su ta hanyar Awaki, masu ƙarfin hali a cikinsu ya sauko da su ta Tsaga. A sama suka yi alwala da ruwan kwarmin suka yi azahar, suka yi ta ɗaukar hoto. Ranar ya koma gida da murna, ya ce wa Fadima yau dai ya ga mutanen da suka san darajar dutsen nan, ba irin mutanen garinmu da ba su ɗauke shi a bakin komai ba sai wurin shanya barkono.

Hotunan suka yi yawo a waya. Kafin shekara ta zagayo, bas ɗaya ta zama jerin motoci duk ƙarshen mako, yawancinsu ma Jamil bai san su ba. Hanyar Awaki ta cika da ledar ruwa da robobin lemo da ƙasusuwan kaji. Aka rubuta sunaye da jan fenti a fuskar dutsen, har da lambar waya. Muntaka yakan hau da buhu ranar Litinin ya tsince abin da zai iya, yana tsaki, yana kama shara da tsinke biyu.

Abin da ya fara karya masa zuciya a Tsaga ya faru. Wurin a ɓoye yake, shi ya sa baƙin suka mai da bakinsa na sama wurin tsuguno. Wata safiya yana hawa, ya miƙa hannun dama ya kama inda ya saba kamawa tun ƙuruciya, sai ya ji ya dafa abu mai laushi. Ba damar saki, in ya saki zai faɗo. Haka ya ƙarasa hawan da hannun, warin yana dukan fuskarsa. Da ya sauko ya wanke da toka, ya wanke da sabulu, ya goge da lemon tsami, amma ya daɗe yana cin tuwo da cokali. Fadima ta so ta yi dariya, da ta ga fuskarsa ta fasa.

Bayan haka babbar akuyarsa ta daina cin abinci, cikinta ya kumbura tim. Aka yanka ta kafin ta mutu. Da mahauci ya farke tumbin, sai ga dunƙulen leda kamar kan mutum, baƙi, yana yauƙi. Muntaka ya ce a kwashe naman duka, kada ko tsoka ɗaya ta shiga gidansa.

Ya sami Jamil ya gaya masa komai. Saurayin ya ji kunya sosai, ya kuma yi alkawarin gyara. Ya cika alkawari: suka zo da riguna iri ɗaya da safar hannu, suka yini suna shara, suka cika buhuna da yawa. Sai dai motar da aka ce za ta kwashe buhunan ba ta zo ba, aka jibge su a gefen gonar Muntaka da cewa sai mako mai zuwa. Karnuka suka yayyaga su. Iskar hadarin farko ta watsa abin da ke ciki cikin gonar. A daminar nan duk inda ya kafta fartanya, leda take fitowa da ita.

Duk da haka ba baƙin ne suka fi ba shi haushi ba. Hashimu, maƙwabcinsa, wanda suka yi kiwo tare a kan dutsen nan suna yara, ya kafa rumfa a gindin hanyar Awaki yana sayar da gasasshiyar kaza da soyayyar doya. Da ya ga ciniki ya fi kyau a sama, sai ya hau da kaskonsa can. A kwarmin yake wanke faranti, a bakinsa yake fige kaji yana zubar da kayan ciki.

Muntaka ya tarar da shi yana ɗauraye wuƙa a ruwan. Ya ce, "Hashimu, kai ma? Ruwan da muka sha ni da kai?"

Hashimu bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malam Muntaka, dutsen nan ba ya cikin gadonka. Kai ka nuna musu hanya, ni kuma ina neman abin da yarana za su ci."

Ya kai ƙara wurin mai unguwa. Mai unguwa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce Allah ya kyauta, za a duba. Ba a duba ba, domin 'ya'yansa biyu ma a gindin dutsen suke gadin motoci. Muntaka ya gaya wa Fadima cewa baƙo dai ya ɓata ya tafi, bai san me ya ɓata ba, amma namu sun sani.

Hawansa na ƙarshe a tsakiyar damina ne. Ya sami kwarmin ya koma kore, da maiƙo a samansa, ƙudaje sun rufe bakin. Ga kunzugun jariri yana yawo a ciki, ga matacciyar hazbiya ta kumbura a gefe. Ya tsaya yana kallo, sai ya durƙusa a gindin ɓauren ya amayar da kunun da ya karya da shi. Ya sauko a hankali.

Bayan girbi ya yi abin da ya girgiza dangi. Ya ba ƙaninsa Usaini gonar gadon, ya karɓi tasa da ke can bayan gari, mai yashi, wadda ba ta kai rabin albarkar waccan ba. Aka yi ta ba shi baki, ya ce shi dai ya fi son ƙasar da zai dafa da hannunsa ba tare da ya duba ba. Usaini bai ko noma gonar ba, ya mai da ita wurin ajiye motoci.

Bara Jamil ya zo har sabuwar gonar ya gaishe shi, da ledar dabino a hannu. Ya ce ƙungiyarsu ta daina zuwa Dutsen Hazbiya, wurin ya lalace, ba ya ko kyan hoto. Sun ji labarin wani dutse wajen Kazaure da ba wanda yake zuwa, an ce akwai ruwa a kansa. Ya faɗi sunan ƙauyen, ya ce, "Baba, ko ka san wani a can da zai nuna mana hanya?"

Muntaka ya dube shi, ya ce bai san kowa ba. Ƙanwarsa Ramlat kuwa a wannan ƙauyen take aure, gidansu ma a jikin dutsen yake. Ya karɓi dabinon ya yi godiya, ya raka saurayin har bakin hanya. Da ya koma gida ya sa Fadima ta wanke dabinon kafin ya ci.