Watan da ya tsaya a hanya

Gidanmu a ƙauyenmu na kusa da Abu Na'ama har na shiga sakandare ba a taɓa gina shi da jan bulo ba, sai kara da laka. Ba talauci ba ne kaɗai. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Haboba, ita ta hana. Iyayenta sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka tana goye, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin da ƙauyenmu yake, suka tsaya noma. Har ta tsufa ba ta yarda an sauka ba. A wurinta wanda ya yi ginin bulo ya fasa tafiya ke nan. Babana kan roƙe ta duk damina idan ɗaki ya yi yoyo, ita kuwa amsarta ɗaya: "Matahiyi ba ya gini, ya waladi, ɗana."

Da an idar da magariba takan jawo gawayi ta ɗora jabana, tukunyar gahawarta, mu kewaye ta. Ni ne mai yawan tambaya, shi ya sa take ce mini maigidanta mai bakin tsiya. Cikin tatsuniyoyinta akwai ɗaya da ba ta dariya idan tana yi.

Wai da can watanni suna da yawa, 'yan'uwan juna ne, suka ɗaura ayari suka nufi gabas. Da suka biyo ta saman duniya, ƙaraminsu ya leƙo ya ga mutane cikin duhu, mace na lalube ba ta ga ɗanta. Ya ce wa 'yan'uwansa su yi gaba, zai haska musu kaɗan ya biyo baya. To duk sanda ya tara guzurinsa ya cika fal, sai ya ga wani mabukaci, ya gutsura ya ba shi, har ya rame ya koma tarawa.

"Sauran fa?" nakan tambaya.

"Sun isa tuni, suna can suna jira nai. Shi ma yana tahe."

Haka ita ma take. Duk lokacin kaka takan ware buhun riɗi ta ce na hanya ne, kuma duk shekara sai wani ya kwanta ciwo ko aure ya taso. Shekarar da na ci jarrabawar sakandare, buhun ne ya kai ni makaranta a birnin Sinnar.

A can malamin kimiyya ya koya mana cewa ba duniyarmu kaɗai ke da wata ba. Duniyoyin Uɗarid da Zuhra ba su da ko ɗaya, Mirrik na da biyu, Mushtari da Zuhal kuwa nasu sun yi yawa har yanzu ana gano sababbi. Na dawo hutu ina zumuɗi, na ce, "Haboba, ashe gaskiya kika faɗa, watanni suna da yawa." Na lissafa mata su.

Ta ajiye kofin hannunta. "Ina sunka sauka?"

Na ce kowanne yana wurin wata duniya yana kewaya ta, ba ya barinta.

Ta gyara garwashin. Sannan ta ce, "Ashe su ma tsayawa sunka yi. Babu wanda ya isa."

Da safe ta kira babana ta ce ya sa a buga bulo. Ya ce, "Inna, lafiya?" Ta ce lafiya lau, yara sun gaji da yoyo. A ɗakin bulon nan ta rasu, ba ta ga Makka ba.

Na yi shekaru ina jin zafin abin, ina ganin na karya mata zuciya. Sai da na haifi nawa, na ga yadda abin da na ware don kaina yake zarcewa wurinsu, sannan na fara yi wa maganarta wata fassara. Wataƙila sauƙi ta samu, da ta ji ba ita kaɗai ta tsaya don wasu ba. Ban sani ba, kuma ban tambaye ta ba tana raye. Abin da na sani shi ne na je Makka daga baya, da aikin da karatun nan ya ba ni, kuma a gaban Ka'aba kuka ya hana ni addu'a, domin da guzurinta na zo.